Ashwaganda: Saiwar Indiya Mai Warin Doki, Abin Da Take Yi Da Inda Take Ciwo

Ana saura sati biyu a fara jarabawar semestar da ta wuce, abokin ɗakina ya shigo da wata 'yar farar roba a hannu, yana ta murmushi kamar wanda aka biya alawus. Kafso 60 ne a ciki. Ya ce a hannun wata mai talla a WhatsApp ya saya, wai yana sa barci mai daɗi, yana kwantar da hankali, yana buɗe kai, yana kuma ƙara ƙarfi a wurin ɗaga ƙarfe. Na ce, "Kai mutumina, duk wannan aikin magani ɗaya ne zai yi?" Ya ce, "Ai ba magani ba ne, ganye ne. Ba ya illa."

Wannan kalma ta "ganye ne" ita ta tsaya mini a rai. Ni ɗalibin sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma a wata huɗun da na yi ina horon sanin makamar aiki a wani asibiti na ga sakamakon gwajin hanta kala-kala, ciki har da na mutanen da ba su sha komai ba sai "ganye". Shi ya sa na zauna na bi diddigin wannan ashwaganda da ta cika TikTok da Instagram. Abin da na tarar bai yi daidai da maganar masu talla ba, bai kuma yi daidai da ta masu cewa duk ƙarya ce ba. Saiwar tana aiki daidai gwargwado. To amma abin da ke iya taɓa barcinka da sinadaran jininka, ai magani ne, ko a kwalin kemis ya zo ko a ƙullin leda, kuma haka ya kamata a riƙe shi.

Daga ina ta fito?

Sunan daga harshen Sanskirit yake, tsohon harshen malaman Indiya. "Ashwa" doki ke nan, "ganda" kuma wari ko ƙamshi. Ɗanyar saiwar tana da wani wari da suka kamanta da na doki, wasu kuma suna cewa an sa mata sunan ne don ana ganin tana ba mutum ƙarfin ingarma. Masana tsirrai suna kiran ta Withania somnifera, kalma ta biyun kuwa a Latin tana nufin "mai kawo barci". Ka ga ke nan tun daga suna an riga an faɗi abu biyu da aka san ta da su.

Ƙaramar shuka ce, a gona ba kasafai take kai ƙugun mutum ba. Furenta ƙanana ne kore-kore, 'ya'yanta kuma jajaye, kowane a cikin 'yar riga mai kama da takarda. Danginta su ne tumatir, gauta, attarugu da dankalin Turawa. Amma fa a wannan gidan ne aka haifi zaƙami, wanda duk mun san abin da yake yi wa mutum. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da aka zuba wa zaƙami a zoɓo ba zai sake cewa "ganye ne" a matsayin hujja ba.

Tana son ƙasa mai ƙarancin ruwa. A Indiya an fi noma ta a jihohin Madiya Faradesh da Rajastan, musamman yankunan Nimac da Mandsor, kuma kasuwar Nimac ta yi suna wajen cinikin saiwar. Ana shukawa a ƙarshen damina, a tone bayan wata biyar zuwa shida, a yayyanka saiwar a shanya. Tana kuma fitowa da kanta a Gabas ta Tsakiya da sassan Afirka masu bushewa, har da ƙasar Hausa. Wani likita ɗan Sikotlan mai suna Dalziel da ya tattara sunayen tsirrai da Hausa a 1916 ya rubuta ta da sunan ƙarama anta. Saboda haka ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya. Sai dai wadda ke cikin kafso, da duk suna da kasuwar da take da su yau, daga Indiya suka taso.

A can tana cikin tsarin maganin gargajiya da ake kira Ayurbeda, wanda tsofaffin littattafansa suka haura shekara dubu da rubutawa. Sun sa ta a rukunin da suke kira "rasayana", wato magungunan da ake ba wanda jiki ya raunana: tsoho, wanda ya tashi daga doguwar jinya, ramamme, mai fama da rashin barci ko ciwon gaɓoɓi. Yadda aka saba sha shi ne a daka busasshiyar saiwar ta zama gari, a dama da madara mai ɗumi, wani lokaci da man shanu ko zuma. Kundin magungunan Ayurbeda na gwamnatin Indiya ya sa ma'aunin garin tsakanin giram 3 zuwa 6. Akwai kuma wani haɗi na ruwa da ake kira ashwagandarishta, wanda ake barin sa ya yi tsami har barasa ta tsiro a cikinsa da kanta, don haka mai gudun barasa sai ya lura da suna.

Abu biyu nake so a riƙe daga nan. Na farko, mai maganin ne yake duba mutum kafin ya ba shi, ya san shekarunsa da abin da ke damunsa, ba wai kowa ya je ya ɗiba ba. Na biyu, saiwa ce ake sha. Ganyen an fi amfani da shi a waje, a ɗaura kan maruru ko kumburi. A 2021 ma'aikatar Ayush, wadda Indiya ta kafa a 2014 don kula da maganin gargajiya, ta fitar da sanarwa tana shawartar kamfanoni da su guji sa ganyen a cikin abin sha. Wato abokina ma da ya ce "ganye ne", a gidan su ashwagandar ganyen shi ne ɓangaren da aka fi ɗari-ɗari da shi.

Daga gari zuwa kafso

Abin da ake tallatawa yanzu yawanci ba garin saiwa ba ne zalla, tatacce ne. Ana jiƙa saiwar a ruwa ko wani sinadari a tsamo abubuwan da ke aiki a cikinta, a busar, a cusa a kafso. Waɗannan abubuwa ana kiran su witanolid, suna da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu mai suna witaferin A ya fi yawa a ganye, an kuma ga yana kashe ƙwayoyin halitta a gwajin cikin kwalba. Dalilin ɗari-ɗari da ganyen ke nan.

Za ka kuma ga an rubuta wai "adaptojin" ce. Wannan kalma ba ta Indiya ba ce ma. Wani masanin magunguna na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Nikolai Lazarev, shi ya ƙirƙiro ta a 1947 don abubuwan da ake ganin suna taimaka wa jiki jure wahala. Haka laƙabin "jinsen ɗin Indiya" da ake mata, na kasuwa ne kawai, ba ta da dangantaka da jinsen na China da Koriya.

Yanzu ga ɗan lissafi, tun da mun zo makaranta. Akwai tatattun nau'o'i da suka yi suna: KSM-66 na saiwa ne zalla, witanolid ɗinsa kamar kashi 5 cikin 100, Sensoril saiwa da ganye ne, kamar kashi 10, Shoden kuma ana rubuta masa kashi 35. Ɗauki kafso mai miligiram 300. In na kashi 5 ne, witanolid miligiram 15 ka haɗiye. In na kashi 35 ne, miligiram 105 ke nan, ninki bakwai. Hanyoyin awon kamfanonin sun ɗan bambanta, amma darasin a fili yake: roba biyu na iya cewa "300" alhali abin da ke ciki ba ɗaya ba ne. Ƙasar Folan ta ƙayyade cewa kada witanolid ya wuce miligiram 10 a rana a irin waɗannan kayayyaki. Ka ga kafso ɗaya na kashi 5 ma ya riga ya tsallake nasu ma'aunin. Robar abokina kuwa ba ta faɗi kashi nawa ba ne, ba ta ma faɗi saiwa ce ko ganye ba.

Me gwaji ya nuna?

Binciken da masu talla suka fi ambata shi ne wanda aka yi a birnin Haidarabad aka buga a 2012. An ɗauki mutum 64 masu fama da damuwa ta tsawon lokaci, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya suna shan tataccen ashwaganda miligiram 300 sau biyu a rana, ɗaya gidan suna shan kafson da ya yi kama da shi sak amma ba komai a ciki, har kwana 60. Masu sha ba su san wanne suke sha ba, masu duba su ma ba su sani ba. Ana yin haka ne don mutum in ya yarda ya sha magani yakan ji sauƙi ko da garin masara aka ba shi, sai an cire wannan kafin a san aikin maganin na gaskiya.

Abin da suka auna har da kotizol. Wannan sinadari ne da wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda suke fitarwa bisa umarnin ƙwaƙwalwa. Yana hawa da asuba ya tashe ka, ya sauka da dare, yana kuma hawa in ka shiga matsi, kamar daren da ka gano gobe ne fefar da ba ka karanta ba. A ƙarshen gwajin, kotizol na masu shan ashwaganda ya sauka da kashi 27.9 cikin 100, na ɗaya gidan kuma da kashi 7.9. Amsoshin da suka bayar kan yadda suke jin damuwa su ma sun nuna sauƙi sosai. Gaskiya wannan ba ƙaramin abu ba ne. An yi wasu gwaje-gwajen bayansa da suka nuna irin wannan hanya, har a 2022 wani kwamitin likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasa da ƙasa tare da takwarorinsu na Kanada suka ce ana iya gwada miligiram 300 zuwa 600 na tataccen saiwar ga masu ciwon fargaba, amma suka kira shawarar tasu ta wucin gadi.

A nan sai na ɗan tsaya. A TikTok an mai da kotizol kamar wani maƙiyi da ya kamata a kashe. Ba haka ba ne. Shi ke riƙe hawan jini da sugan jiki, wanda jikinsa ya kasa yin sa kwata-kwata yana cikin haɗarin mutuwa. Saukar da shi ga wanda nasa ya hau wani abu ne, ga lafiyayye kuma wani abu ne daban.

Batun barci, a 2021 wasu masu bincike sun haɗa gwaje-gwaje 5 masu mutane kimanin 400 suka yi musu lissafi ɗaya. Sun sami cewa ashwaganda tana gyara barci, amma gyaran ƙarami ne, ya kuma fi fitowa ga masu ainihin ciwon rashin barci, waɗanda suka sha miligiram 600 a rana na sati 8 ko fiye. Kula da wannan: sati 8. Abokina saura masa sati 2. Kuma shi rashin barcinsa ba ciwo ba ne, shayi mai kauri ne da ƙarfe 11 na dare da kuma waya.

'Yan ɗaga ƙarfe su ma suna da nasu binciken, na 2015, maza 57 da ba su saba motsa jiki ba, sati 8 suna atisaye. Masu shan ashwaganda sun ƙara kimanin kilo 46 a nauyin da suke iya turawa daga ƙirji, masu shan kafson wofi suka ƙara kimanin 26. Bambanci ne, ba musu. Amma ka lura waɗanda ba su sha komai ba ma sun ƙara kilo 26, atisayen ne ya ba su. Na buɗe kai kuwa, wanda shi ya fi jan hankalinmu, gwajin da aka fi ambata na 2017 ne, mutum 50 ne masu matsalar mantuwa da ta fara kama su. Ba ɗalibai ba ne masu son haddace handawut a dare ɗaya.

Duk waɗannan gwaje-gwaje suna da rauni iri ɗaya. Mutanen kaɗan ne, 50 ko 60, alhali sabon maganin asibiti sai an gwada shi a kan ɗaruruwa ko dubbai. Lokacin gajere ne, yawanci wata biyu zuwa uku. Kuma da yawansu kamfanonin da ke sayar da kayan ne suka ba da kuɗi ko suka ba da kafson. Wannan ba ya nufin ƙarya aka yi, amma mai tuwo ba ya kushe miyarsa. Shi ya sa hukumar binciken lafiya ta Amurka ta tsaya a kan cewa da alama ba matsala ga yawancin mutane in an sha na ɗan lokaci, har zuwa wata uku. Ba ta ba da tabbacin abin da ya wuce haka ba. Ƙaramin gwaji kuma ba ya iya kama illar da ke samun mutum ɗaya cikin dubbai. Irin wannan illa sai kaya sun shiga kasuwa take bayyana, kuma haka aka yi.

Hanta

Illolin yau da kullum ba su da tsanani: jin barci da rana, murɗawar ciki, gudawa, tashin zuciya. Wanda ya tayar da hankalin likitoci shi ne na hanta.

A 2020 likitoci daga Aislan da Amurka suka buga labarin mutum 5, uku a Aislan biyu a Amurka, da suka kamu da shawara bayan sun sha kayan ashwaganda na tsawon sati 2 zuwa 12. Ido ya yi rawaya, ga tashin zuciya, ga kasala, ga ƙaiƙayin jiki mai tsanani da ya ɗauki makonni. Babu wanda hantarsa ta tsaya, kuma huɗun da aka ci gaba da bibiya gwajinsu ya dawo daidai cikin wata 1 zuwa 5 bayan sun daina sha.

Abin da ke faruwa shi ne, hanta ita ke tace duk abin da ka haɗiye, ita ce kuma ke fitar da wani sinadari rawaya mai suna bilirubin ta hanyar ruwan matsarmama. In kwararar wannan ruwa ta sami cikas, sai bilirubin ya taru a jini. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayin da ba madara, bayan gida ya yi fari-fari, fata ta riƙa ƙaiƙayi ba ƙurji. A ɗakin gwaji za ka ga bilirubin ya hau, tare da sinadaran hanta irin su ALT da ALP. Irin wannan illa ba ta bin ƙa'idar "wanda ya sha da yawa shi zai ji". Mutum ɗari za su sha lafiya lau, na gaba jikinsa ya ƙi, kuma ba a iya gane shi tun kafin ya sha.

Labarin da ya fi girgiza ni daga Indiyar kanta ya fito. A 2023 wasu likitocin hanta, ƙarƙashin jagorancin Dakta Cyriac Abby Philips na jihar Kerala, suka tattara marasa lafiya 23 da hantarsu ta taɓu bayan shan ashwaganda. Suka ware 8 da suka sha ta zalla ba haɗi da wani abu. A cikin 8 ɗin nan, 5 dama suna da tsohon ciwon hanta. Uku daga cikinsu hantar ta ƙarasa gazawa, kuma duka ukun sun rasu. Wato mai lafiyayyar hanta yakan sha wahala ya warke, wanda tasa dama take ɗingishi shi ne ba ya tashi.

To a nan ne maganar ta zo ƙofar gidanmu. Babban binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Kusan mutum 1 cikin 12 ke nan. In aka bi wannan lissafi, ajin da ke da ɗalibi 120 za a iya samun kamar 10. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba su sani ba, don takan yi shekaru tana cin hanta a ɓoye mutum yana buga ƙwallonsa. Allurar rigakafinta sai a 2004 ta shiga jerin alluran jarirai a Najeriya, saboda haka duk wanda aka haifa kafin nan, ko aka haife shi a gida ba a kai shi asibiti ba, kada ya ɗauka an yi masa. Da nake horo na sha ganin matashi ƙaƙƙarfa ya zo ba da gudummawar jini, a gwada, a kira shi gefe. Wallahi fuskar da suke yi ba ta fita daga ran mutum.

Gwajin ba shi da wuya. Ana kiran sa HBsAg, ɗigon jini ne a kan 'yar takarda, cikin minti 20 an gama. A ganina duk wanda bai san matsayinsa ba bai kamata ya kai ashwaganda baki ba, kuma wanda ya san yana ɗauke da ita, ko yana da wani ciwon hanta, ko yana shan maganin tarin fuka, ko yana shan barasa, to ba tasa ba ce sam. Wanda kuma ya riga ya fara ya ga ido ya sauya ko fitsari ya yi duhu ko ƙaiƙayi ya taso, ya daina a ranar, ya tafi asibiti da robar a hannu. Kar a ce shawara ce a koma jiƙe-jiƙe, ƙarin kaya ne a kan jakin da ya riga ya durƙusa. Hukumar magunguna ta Ostareliya ta fitar da gargaɗi kan wannan a Fabrairun 2024, ta ce abin ba kasafai yake faruwa ba amma yana faruwa, hukumar tantance haɗarin abinci ta Jamus ma ta yi nata a shekarar.

Sauran wuraren da take taɓawa

A gaban wuya akwai wani ƙullu mai suna tayirod, wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Shi ke saita saurin da jiki ke ƙona abinci. Wani gwaji na 2018 a kan mutum 50 da nasu ya ɗan yi sanyi ya nuna miligiram 600 a rana na sati 8 ya ɗaga sinadaran tayirod ɗin. Ga su wannan alheri ne. Ga mai lafiya ko wanda nasa dama yake gudu, matsala ce, kuma tun 2005 likitoci a Holan suka ba da labarin wata mata 'yar shekara 32 da nata ya haura ƙima bayan ta sha, ya kuma dawo daidai da ta daina. Alamomin su ne bugun zuciya da sauri, rawar hannu, gumi, rama da rashin barci. Ka duba da kyau, ai waɗannan su ne alamomin fargabar jarabawa. Ɗalibi zai ji haka ya ce damuwar ce ta ƙaru, sai ya ƙara kafso.

'Yan'uwa mata, musamman matan aure da ke cikinmu: mai ciki da mai shayarwa an ce su nisance ta. Akwai tsofaffin rahotanni cewa an yi amfani da ita wajen zubar da ciki a wasu wurare. Masana a Indiya suna musanta ƙarfin waɗannan rahotanni, amma hukumomin lafiya na Amurka da Turai duk sun tsaya a kan a bari. In kina tsammanin ciki ma, bari shi ya fi.

Tana iya ƙara wa wasu magunguna ƙarfi: na barci da kwantar da hankali irin su baliyam, na farfaɗiya, na suga, na hawan jini, na tayirod. Tana kuma iya cin karo da magungunan da ke danne garkuwar jiki. Wanda za a yi wa tiyata ya gaya wa likita tun da wuri. Mai shan ta ya hau babur da safe yana gyangyaɗi, wannan ma haɗari ne da ba ya cikin takardar gwaji.

Ƙasar Denmak ita ta fi kowa tsanani. Jami'ar fasaha ta ƙasar ta fitar da rahoto a 2020 cewa ba ta iya tsayar da ma'aunin da za a ce ba shi da haɗari ba, ta ambaci tayirod da sinadaran haihuwa da batun ciki, sai gwamnati ta hana sayar da ita a 2023. Ma'aikatar Ayush ta Indiya ta yi watsi da rahoton, ɓangaren Indiya yana cewa an cakuɗa binciken ganye da na saiwa. Ni a nawa ganin kowa yana da tasa gaskiyar, kuma kowa yana da abin karewa: Indiya tana da manoma da kasuwa, Denmak kuma ba ta da abin da za ta rasa in ta hana. Amma ka lura gardamar tasu a kan saiwa mai tsabta ce, wadda aka san abin da ke cikinta.

Mu kuwa matsalarmu ta farko ita ce ko abin da ke cikin robar shi ne aka rubuta a jikinta. A 2004 masu bincike a Boston suka sayi magungunan Ayurbeda 70 a shaguna suka auna, 14 suna ɗauke da dalma ko zaiba ko asenik. A 2008 suka sake da guda 193 da aka saya ta intanet, nan ma kusan 1 cikin 5. Ba duka ashwaganda ba ne, kuma wasu haɗe-haɗen da gangan ake sa musu ƙarafa bisa wata tsohuwar hanya tasu, amma ya isa ya nuna cewa "daga Indiya aka kawo" ba shaidar tsabta ba ce. A nan gida abin dubawa shi ne lambar NAFDAC. Maganin gargajiya yawanci lambarsa tana ƙarewa da harafin L, ma'anarsa an duba shi ta fuskar aminci an ba shi izini na ɗan lokaci, ba wai hukumar ta tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta ba. Shi ya sa ake sa su rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Bayan lamba, a duba ko an rubuta saiwa zalla, da kashin witanolid, da ranar lalacewa, da sunan kamfani da adireshinsa.

Robar abokina ba ta da ko ɗaya daga ciki sai ranar lalacewa. Ya riga ya sha na kwana tara kafin in gama wannan bincike, kuma abin da ya samu shi ne gyangyaɗi a lakcar ƙarfe takwas. Da na karanta masa labarin Kerala ya yi shiru, can ya ce, "To ni ina na san ko ina da wannan B ɗin?" Washegari muka je aka ɗebi jininsa. Ba ya ɗauke da ita. A ranar aka yi masa allurar rigakafi ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku kuma sai wata na shida, lokacin mun riga mun miƙa furojet.